Na kawo sabon tsari, ofis ya yi tsit: in matsa ko in sassauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauko ni daga wani kamfani da komai nasa ke tafiya bisa lissafi, aka ba ni shugabancin wani sashe mai ma'aikata kusan arba'in, yawancinsu sun daɗe a wurin. Da zuwana na kawo abubuwa uku da na ga amfaninsu a inda na baro: na'urar dangwala yatsa lokacin shigowa da na tashi, rahoton aiki kullum kafin a tashi, da allon da ake jera sunayen ma'aikata duk mako daga wanda ya fi ƙoƙari har zuwa na ƙarshe. Wata biyar ke nan. Ba wanda ya fito ya ce mini a'a, amma fuskoki sun canja, tsofaffin hannu biyu sun ajiye aiki, kuma ni dai ban ga aikin ya ƙaru ba. In ƙara matsawa har su saba, ko in janye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka matsa tukuna, kada kuma ka kwashe komai a rana ɗaya. Abubuwa uku ka haɗa, kowanne kuma da hukuncinsa. A ganina ɗaya ya sauka cikin makon nan, ɗaya a rage masa nauyi, na ukun kuwa zamansa ya danganta da abin da kai za ka bayar a madadinsa. Amma bari mu fara da shirun da ka ambata, don ya fi damuna fiye da tafiyar mutum biyun.

Ma'aikacin da ke jayayya da kai a taro har yanzu yana ganin maganarsa za ta iya canja wani abu. Wanda ya ce "to, yallaɓai" ya tashi ya fita, ya riga ya gama shawara: zai yi maka abin da ka rubuta daidai yadda ka rubuta shi, ko da ya san ba inda zai kai ku. A harkar ƙwadago akwai salon yajin aikin da ake yi da haka. Ba a rufe ƙofa, ba a ɗaga kwali, kowa dai ya bi ƙa'ida harafi bayan harafi, sai ka ga aiki ya tsaya cak, domin babu ma'aikatar da littafin dokokinta kaɗai ke tafiyar da ita.

Abin da ake kira al'adar wurin aiki, in ka tona, yawancinsa yarjejeniya ce da ba a rubuta ba. Wane yakan makara da rabin awa saboda yana kai yara makaranta, ba mai ce masa uffan, shi kuma ranar da kaya suka iso da yamma ba ya duban agogo sai an gama sauke su. Wance ba ta cika takarda a kan lokaci, amma ita ke gane kwastoman da ya fara jin haushi tun bai buɗe baki ba. Shekara da shekaru ana wannan ba-ni-in-ba-ka, har kowa ya manta cewa ciniki ne. Na ga yadda abin ke warwarewa a wani kamfanin rarraba kaya da na taɓa yi wa aiki. An kafa na'urar dangwala yatsa, aka fara yankan albashi a kan makarar minti goma. Makara ta ragu, wannan gaskiya ne. Amma saura kwata a tashi sai ka ga layi a gaban na'urar, kowa da jakarsa a kafaɗa, ana hira ana jiran lokaci ya cika. Wata rana mota ta shigo da kaya a makare, direba ya leƙo yana neman masu saukewa, mai kula da sito ya nuna masa agogon bango da haɓa, ya ce sai gobe. Mutumin nan a da shi ne na ƙarshen fita. Kamfanin ya ƙwato mintocin safe ya zubar da awoyin yamma, na'urar kuma ba ta da gurbin rubuta wannan asarar.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka taɓa wata ɗabi'a da ka tarar, ka bincika wace matsala ce ta haifar da ita. Wata za ka ga matsalar ta daɗe da gushewa, sabo ne kawai ya rage, wannan cire ta ba wuya. Wata kuwa ita ke riƙe da aikin ba tare da kowa ya lura ba.

Kada ka ɗauka ina cewa al'ada ba a taɓa ta. Akwai wuraren da al'adarsu ta ruɓe, kuma ana canja ta, da mutanen nan dai da aka ce ba sa gyaruwa. Misalin da na fi komawa gare shi shi ne tsohuwar masana'antar motoci ta General Motors a Fremont a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ma'aikatanta sun yi ƙaurin suna wajen taurin kai. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki a rana, ana shaye-shaye a bakin aiki, dubban ƙorafe-ƙorafe sun taru tsakanin ƙungiyar ƙwadago da shugabanni, motocin kuma cike da aibu. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwar General Motors da Toyota, amma Toyota ce ke tafiyar da aikin. Ginin dai shi ne, ƙungiyar ƙwadagon ita ce, mafi yawan waɗanda aka ɗauka kuma tsofaffin ma'aikatan nan ne, har da jagororin rigingimun da. Ba a daɗe ba fashin aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari, ingancin motocin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors.

Tsarin Toyota ba mai sauƙi ba ne. Ta wata fuskar ya ma fi na da tsauri, don kowane motsi na aiki an tsara shi an auna shi da daƙiƙoƙi. To me ya sa suka karɓa? Dubi abin da shugabanni suka fara bayarwa. An kwashi ɗaruruwan ma'aikata zuwa masana'antar Takaoka a Jafan, suka tsaya a layi suka yi aiki tare da takwarorinsu, gani ya kori ji. A tsohon tsari babu laifin da ya kai tsayar da layin harhaɗa mota: ko ka ga an ɗaura abu a karkace, ka bar shi ya wuce, a gyara daga baya. A sabon tsari an rataya igiya inda hannun kowane ma'aikaci zai kai. In ya ga matsala ya ja, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya taho ya taya shi, in ba ta warwaru ba layin ya tsaya. Ka auna yadda mutumin da ya yi shekaru ana daka masa tsawa zai ji ranar da ya ja igiya, shugaba ya iso yana tambayarsa da me zai taimaka masa. Agogon auna lokacin ma a hannun ma'aikatan aka damƙa shi, su ke tsara matakan aikinsu, maimakon wani injiniya ya tsaya a bayansu da takarda yana rubuce-rubuce. Aka soke wurin ajiye motocin manya da ɗakin cin abincinsu na daban. Sannan kamfanin ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka da albashin manya za a fara. A 1988 kasuwa ta faɗi, aiki ya ragu ƙwarai, ba a sallami kowa ba, aka tura mutane horo da ayyukan gyara. Ina ganin daga nan ne waɗanda ke da sauran shakka suka sallama.

General Motors ta gwada kwafar tsarin a wata masana'antarta da ke Van Nuys, a jihar dai. An kafa rukunoni, an yi horo. Amma har lokacin da yawan motocin da suka fita ake auna manajoji, su kuwa ma'aikata suna kallon abin a matsayin dabarar rage guraben aiki da zubar da darajar daɗewa a aiki. Tsarin bai zauna ba, masana'antar ma an rufe ta a 1992. An kwaso kayan aikin, an bar alkawuran da suka sa su yin amfani.

Yanzu ka dubi abubuwa ukun da ka kawo da wannan idon. Na'ura tana karɓar sassaucin lokacinsu. Rahoto yana karɓar mintocinsu na ƙarshen rana. Allo yana karɓar mutuncin na ƙasa. Babu ko ɗaya da ya ɗora maka wani nauyi kai ko ofishinka. Wannan suka gani tun makon farko, ko da ba su faɗa ba.

Allon jerin sunaye shi ne zai sauka, kuma ban ga amfanin jinkiri ba. Lissafinsa kansa gurgu ne: ko kowa ya ninka ƙoƙarinsa, dole wani ya zama na arba'in. Sannan yana hukunta taimako. Tsohon hannun da ya bar aikinsa na awa guda ya koya wa sabon ɗauka, shi ne zai ga sunansa ya gangara, sabon ɗaukan ya hau kansa a gaban kowa. Mako biyu haka ya ishe shi ya daina koyarwa. Ba zan yi mamaki ba in a kan wannan ne mutum biyun suka tafi. Jera ma'aikata bisa tilas ya yi tashe ne a zamanin Jack Welch, wanda ya shugabanci kamfanin General Electric na Amurka daga 1981 zuwa 2001, inda ake raba su kashi 20 na sama, 70 na tsakiya, 10 na ƙasa, na ƙasan su kama hanya. Kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Microsoft ta yi shekaru a kan irin wannan tsari kafin ta yi watsi da shi a watan Nuwamban 2013, bayan dogon kuka cewa ƙwararru na gudun zama rukuni ɗaya da ƙwararru irinsu, don kada a jera su tare ɗaya ya faɗo.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. In ka ɗaure mutuncin mutum ko abincinsa da lamba ɗaya, zai samo maka lambar ta kowace hanya. A 2016 aka ci tarar bankin Wells Fargo na Amurka dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe miliyoyin asusu da sunan kwastomomi ba da saninsu ba don su cika adadin da aka yanka musu. Kimanin ma'aikata 5,300 aka kora a kan haka. Mutum dubu biyar ba sa zama maha'inta a wuri ɗaya bisa tsautsayi. In kana son allo, ka sa wanda ke nuna halin aikin sashen: abin da ya kammala, abin da ya maƙale, da inda ya maƙale, ko da a teburinka ne.

Rahoton kullum kuwa, ga gwaji mai sauƙi. Ɗauko na makon jiya gaba ɗaya, kusan ɗari biyu ke nan. Guda nawa ka karanta har ƙarshe? Wace shawara ka yanke saboda abin da ka gani a ciki? Jera na mutum ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, sau da yawa za ka tarar kwanan wata kawai ake canjawa. Ma'aikata suna gane takardar da ba a karantawa da wuri ƙwarai, suna kuma cika ta gwargwadon darajar da aka ba ta. Mayar da shi na mako, ko ka musanya shi da tsayuwar minti goma da safe, tambaya ɗaya tak: me ke tare maka aiki? Sharaɗin dai shi ne duk abin da aka kawo maka ka ba da amsarsa cikin kwana biyu, ko da amsar ita ce ba zai yiwu ba, ga dalili. Wannan ita ce igiyarka. In aka ja ba ka zo ba, ba za a sake ja ba.

Na'urar dangwala yatsa ta danganta da irin aikinku. In aiki ne na karɓa-karɓa, ko kwastoma na tsaye a bakin ƙofa da ƙarfe takwas, lokaci wani ɓangare ne na aikin, kuma kana da hujjar riƙe ta. Amma ta ƙirga ta kowane ɓangare: wanda ya wuce lokacin tashi a biya shi ko a rama masa da hutu, a bar 'yar rangwame ga makarar da ba ta zama ɗabi'a ba, kai ma kuma ka dangwala. In aikin na sakamako ne, wanda ba ruwansa da ƙarfe nawa aka zauna a kujera, na'urar ba ta gaya maka komai sai wanda ya iso. Ka kuma tuntuɓi lauyan kamfani, domin ƙasashe da yawa suna da doka a kan tattara zanen yatsa. A Tarayyar Turai, alal misali, dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta sa shi cikin bayanan da ke da kariya ta musamman.

Sai batun yadda za ka yi gyaran, wanda nake ganin ya fi gyaran kansa nauyi. A 1948 wasu masu bincike biyu, Lester Coch da John French, suka wallafa abin da suka gani a masana'antar ɗinkin kayan barci ta Harwood a jihar Bajiniya ta Amurka. Duk lokacin da aka canja salon aiki sai yawan abin da ake samarwa ya faɗi, mutane su yi ta barin aiki. Suka raba ma'aikata rukuni-rukuni. Rukunin da aka tara aka karanta musu sabon tsari kawai, aikinsu ya faɗi ya ƙi tashi, kashi 17 cikin ɗari suka bar aiki cikin kwana 40 na farko. Waɗanda aka zauna da su duka aka tsara canjin tare, cikin 'yan kwanaki suka farfaɗo, har suka zarce matsayinsu na da da kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ba wanda ya tafi a tsawon wannan lokaci. Rukunan ƙanana ne, don haka ban ɗauki alƙaluman a matsayin doka ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya: an sake tara ragowar rukunin farko, aka kawo musu wani canjin, wannan karon da shawararsu, sai suka farfaɗo kamar sauran. Mutanen dai su ne.

Amma ka kiyayi shawarar ƙarya, wato ka tara mutane ka ce me kuka gani, alhali takardar na cikin aljihunka da sa hannu. Gara ka fito fili ka ba da umarni da ka yi haka. Raba maganar gida biyu tun farko, ka faɗa musu ƙarara. Akwai abin da ba na ciniki ba ne: tsaron lafiyar ma'aikata, amanar kuɗi, bin doka, cin zarafin na ƙasa, da sakamakon da aka ɗauko ka ka kawo. A kan waɗannan ba a ƙuri'a, ko shekara talatin aka yi ana yin akasinsu. Sauran kuwa, wato hanyar da za a bi a kai ga sakamakon, su suka fi ka sanin ta.

Wata kalma kuma da zan so ka rage ita ce "a inda na baro". Ba abin da ke toshe kunnen tsohon ma'aikaci kamarta. Abin da ya yi aiki a can ya yi ne tare da albashin can, da irin mutanen da aka ɗauka a can, da shekarun da suka yi suna sabawa. Walmart, mai manyan shagunan sayar da kaya, ta shiga Jamus a ƙarshen 1997 da tsarinta na Amurka cif-cif: waƙar kamfani da safe, umarnin yi wa kowane kwastoma murmushi, daga baya kuma kundin ɗa'a da ya hana soyayya tsakanin ma'aikata. Wakilan ma'aikata, waɗanda dokar Jamus ta ba su bakin magana a irin waɗannan al'amura, suka kai ƙara, a 2005 kotu a Dusseldorf ta soke wannan sashe na kundin. A 2006 kamfanin ya sayar wa kamfanin Metro shagunansa 85 ya fice da asarar kusan dala biliyan ɗaya. Ba al'ada kaɗai ta kayar da shi ba, gasar shagunan rahusa na Aldi da Lidl ta yi nata aikin, amma kamfanin da ya fi kowa girma a harkar ya ɓata shekaru yana rigima da ma'aikatansa a kan abubuwan da ba su ƙara masa ciniki ko kaɗan ba.

Na san abin da ke ranka: in na sauke allon ai za su ce na ji tsoro. Wasu za su faɗa, na kwana biyu. Tara su ka ce an gwada abu uku na wata biyar, ga wanda zai tafi, ga wanda za a gyara tare, ga kuma abin da kake buƙata daga sashen nan kafin ƙarshen wata uku, da lambobinsa. Kada ka tsawaita ban-haƙuri, kada kuma ka ɗora wa na sama laifi. Kafin taron ka zauna da shugabannin rukunoni ɗaya bayan ɗaya, don su ne za su sha tambayoyi bayan ka koma ofis, kuma duk tsarin da suka ji labarinsa a rana ɗaya da yaransu ba za su tsaya masa ba. Ka haɗa da mutum biyu ko uku da ba su da muƙami amma in sun yi magana ana saurare. Kowane sashe yana da su, ka ma riga ka san sunayensu.

Mutum biyun da suka tafi, ka neme su ku yi magana, ko ba za su dawo ba. Ba su da sauran abin tsoro a wurinka, don haka za su gaya maka abin da na ciki ke haɗiyewa. Ka tambaye su musamman ayyukan da suke yi waɗanda ba a rubuce suke a takardar aikinsu ba, domin waɗannan ayyukan yanzu ba mai yin su.

Alamar da za ka riƙa dubawa a watannin nan ita ce saurin da labari mara daɗi ke iso maka. In aka fara zuwa ana ce maka kaya kaza ba za su fita a kan lokaci ba tun saura kwana uku, maimakon ka ji daga bakin kwastoma, to abin ya fara kamawa. Bayan wata ukun za a iya samun mutum ɗaya ko biyu da har lokacin suke ƙin abin da ba na ciniki ba. Waɗannan kowa ka kira shi shi kaɗai a ofis, ka bi matakan ladabtarwa da ke cikin sharuɗɗan aikinku, gargaɗin baki, na rubuce, har inda ta kai.